Sunan Ruwa

Wurno, tsakiyar azumi

Zuwa ga maigidana Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ibada, yaya aiki, yaya zaman teku? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka da zafin Wurno wanda ka san halinsa. Baba mahaifinka yana sa maka albarka, Innata tana gaishe ka, yara kuma kullum sai sun tambaya ko jirgin Abba ya kusa.

Na san ba za ka ga wannan ba sai jirginku ya matso gaɓa waya ta kama. Duk da haka zan rubuta in ɗauki hotonta in tura, tunda kai ka ce saƙon murya sau ɗaya kake ji ya wuce, rubutu kuwa kana komawa kansa. To ka gyara zama, Kurungu, yau da magana na zo.

Ka tuna na yi wa Rumaisa alkawari in Sallah ta zo zan kai su wurin wasan yara na Sakkwato. Yarinyar nan ba ta manta alkawari, ban san wa ta gado ba, don dai ba kai ba ne. Yanzu ta shiga shekara uku, Hanif kuma na yaye shi, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa wuce Achida. Na ga lokaci ya yi. Inna har ta fara shirinta. Ka san al'adar gidanmu, yaro in zai fara shiga birni ana yanka zanen kakarsa a ɗinka masa sutura, a kuma ba shi nakiya ya raba wa yaran da ya fara haɗuwa da su, don ya tashi da buɗaɗɗen hannu. Ta fito da zanenta mai ruwan ganye ta kai wa tela, ko tausayinsa ba ta ji ba.

Ana cikin haka ƙanwarka Safara'u ta kira ni daga Goronyo. Da na ba ta labari sai ta ce ai ba a yi wa yaran sunan ruwa ba tukuna. Wallahi ni na manta da abin gaba ɗaya. Kai ka fi ni sanin al'adarku, amma bari in faɗi yadda ta bayyana mini, ka gyara in da kuskure. Ta ce ɗan gidanku bayan yaye ba ya hawa wani abin wasa, ko lilo ko jaki, sai babban gida, wato dattijon gidan, ya fara sa shi cikin jirgi. Shi da kansa zai tuƙa, ba mai taya shi, har tsakiyar gulbi. Can zai ɗebi ruwa da hannun dama ya shafa wa yaron a goshi da ƙafa, ya yi addu'a, ya duba yadda yaron ya yi, sannan ya raɗa masa sunan kifi. Ta ce kai gurnani ka yi ta yi tun daga gaɓa har dawowa, shi ya sa ka zama Kurungu. Duk zamanmu ba ka taɓa gaya mini dalilin ba, yau na ji.

Na tambayi Malam mahaifina ko akwai wani abu a ciki, ya ce in dai bisimilla ce da roƙon tsari babu laifi, kowane gida da yadda yake karɓar 'ya'yansa. Matsalar ba nan take ba. Matsalar Baba ce.

Tun da ciwon nan ya buge shi muka ɗauko shi daga bakin gulbi zuwa nan, ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda ko da yana ɗan janta. Hannun dama ne ya ƙi. Ba ya iya ɗaga kofi da shi, balle filafili ko gorar tuƙa jirgi. Kwanakin baya wani abokinsa masunci ya zo gaishe shi, ya ce in ana so a yi wa yaran sunan ruwa ga jirginsa, ɗansa zai tuƙa, Baba ya zauna kawai ya yi addu'a. Ina daga bayan labule na ji Baba ya ce shi ba buhun albasa ba ne da za a loda a jirgin wani, masunta suna kallo. Ya ce in ba shi ya tuƙa ba, ba a yi ba, gara a bar abin ya tafi da shi. Tun ranar ya ƙara yin shiru. In mai tallan kifi ya wuce ƙofar gida, bango yake juya wa fuska.

Abin yana damuna ƙwarai. Ba na son in karya alkawarin yarinya, ba na kuma son 'ya'yana su zama na farko a gidanku da suka tashi ba sunan ruwa, kakansu yana raye. Safara'u ta ce mu jira ka, amma kai da kanka ka san ba a yi sai babban gida, kuma addu'ar ma ba a ba ka ba. Ka ba ni shawara in takardar nan ta riske ka.

Ka kula da kanka, ka riƙa yin sahur da abin kirki, ba shayi da biskit ba. Allah ya karɓi ibadarmu.

Taka har kullum,
Suwaiba

Wurno, jajiberin Sallah

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Yaya ƙarshen azumi? Mu alhamdu lillahi, Hanif ya ɗan yi mura ta wuce. Na duba waya har na gaji, takardata ta farko ba ta ma isa gare ka ba. Ban yi fushi ba, teku ce kishiyar da ba ta jin rarrashi, na saba.

Tunda ba ka nan, na yanke shawara ni kaɗai, in ta ɓaci ka ce laifina ne. Malama Aziza da muke koyarwa tare ta kai nata yaran wurin wasan bara. A ɗakin malamai ta nuna mini bidiyonsu, ina kallon lilo da dawakin roba masu zagayawa, sai ga wani ɗan tafki na siminti da ƙananan jirage a ciki. Na ce ta mayar baya. Abdulƙadir, jiragen nan ba filafili gare su ba. Feda ce da su kamar keke, da ƙafa ake tuƙawa. Na karɓi wayar na yi ta maimaitawa har Aziza ta ce ko jirgin zan saya.

Ban gaya wa Baba ba. Na san in na je na durƙusa na ce ga jirgin wasan yara ya zo ya hau, zai ga kamar na raina shi, kuma in ya ce a'a sau ɗaya an gama. So nake idonsa ya gane masa. Don haka aikina kawai in kai shi bakin ruwan.

Nan ma sai da aka sha fama. Na aika yayana Shafi'u, tunda shi zai kai mu a motarsa, ya roƙe shi ya raka mu ko don ya sha iska. Baba ya ce shi ya girmi lilo. Inna ta zo da kanta ta yi masa magana, ya ce ya gode. Wadda ta iya da shi Rumaisa ce. Ka san wasansu, shi yana kiranta amaryarsa, ita tana ce masa tsohon miji. Da ta ji ba zai je ba, ta cire sabuwar rigar da ake gwada mata, ta kai ta ajiye a cinyarsa, ta ce ita ma ta fasa. Ta zauna gefensa ta juya wa bango fuska kamar yadda yake yi. Na rantse ban koya mata ba, ko da yake ban hana ta ba. Baba ya daɗe yana kallonta, daga baya ya ce a wanke masa farar rigarsa.

Na kuma sa Safara'u ta ɗebo mini ruwan gulbi a gora daga inda Baba yake ɗaure jirginsa, ta ba direban Goronyo ya kawo. Yana cikin jakata. Ita ba za ta samu zuwa ba, cikin ya yi nauyi, ungozoma ta hana ta shiga mota.

Inna ta gama nakiya, tela ya kawo kaya, Hanif ya samu 'yar shara da hula, in ka gan shi sai ka ce limamin wata unguwa. Mun bar tafiyar sai an ɗan kwana biyu da Sallah, cunkoso ya ragu saboda ƙafar Baba. Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. In ya ga jirgin ya kau da kai, ban san da wane ido zan dube shi a hanyar dawowa ba. Ka sa mu a addu'a ko ba ka ga wannan ba.

Barka da Sallah tun yanzu. Allah ya maimaita mana, kana gida.

Matarka,
Suwaiba

Wurno, bayan Sallah

Kurunguna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, an yi Sallah lafiya? Ina fata ka samu ko ɗan tuwo a jirgin nan naku. Mu mun yi lafiya, kowa yana gaishe ka. Na ga alamar takarduna biyu sun shiga wayarka jiya, na kuma ga kiranka da ya katse. Kada ka wahalar da kanka, ga labarin nan gaba ɗaya.

Mun tafi da hantsi. Baba a gaba kusa da Shafi'u, ni da Inna da yara a baya. Rumaisa ta yi ta ƙirga raƙuma da buhunan tafarnuwa har Achida, daga nan barci ya kwashe ta. Hanif kuwa ya yi mini amai a mayafi tun kafin mu bar gari, sabon mayafina na Sallah, ka rubuta a cikin abin da za ka rama mini.

A bakin ƙofa muka fara da al'adar Inna. Rumaisa ta raba nakiya kamar wata hajiya, har da tambayar yara ko sun ƙoshi. Hanif ya miƙa wa wani yaro, yaron ya kawo hannu, shi kuma ya mayar bakinsa. Inna ta ce wannan jinin Goronyo ne, Baba ya ce a'a, malamai ne ba sa mayar da sadaka. Rabon da in ji ya yi wasa da wani babba tun kafin ciwon.

Da muka shiga, kiɗa ko'ina, ga gugguru ga balan-balan, ga dawakin nan suna zagayawa. Rumaisa ta ja hannuna za ta hau, na ce ta bari mu samar wa tsohon mijinta inuwa tukuna. Da gangan na wuce bencuna da yawa har na kai mu wanda yake fuskantar tafkin. Shafi'u ya zaunar da Baba. Na sayo wa yara askirim don in riƙe su, na koma gefe ina satar kallonsa.

Da fari tsaki ya yi. Ya ce wa Shafi'u wannan ruwa ko kwaɗo ba zai zauna ciki ba, an shafa masa shuɗi kamar ɗakin amarya, ga warin magani.  Can sai wani mutum ya zo wucewa ta gabanmu a jirgi da 'yarsa, hannunsa ɗaya riƙe da waya, ɗayan a kan wani ɗan ƙarfe, ƙafafunsa suna juyawa. Baba ya bi shi da ido har ƙarshen tafkin, ya biyo shi ya dawo. Askirim ya narke a hannuna ban sani ba. Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi jirgin, sannan ya juyo ya dube ni. Ka san tunda aka kawo ni gidanku ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na sunkuyar da kai, amma na san ya gane komai.

Ya ce, "Shafi'u, tahi ka tambayo muna, mi a kuɗin wanga abu?"

Mai kula da jiragen wani dattijo ne mai usur a wuya. Ya ce doka ce kowa sai ya sa rigar kariya. Ka yi tunanin mahaifinka, mutumin da ya yi rayuwarsa yana nutso a gulbin Rima, an ɗaura masa riga ruwan lemo a kan farar rigarsa saboda ruwan da bai kai ƙugu ba. Shafi'u ya juya baya yana dariya. Baba ya miƙa wuya aka sa masa. Aka zaunar da shi ta hagu, ya duba ya ga ƙarfen juya jirgin yana tsakiya, ya ce a mayar da shi dama don ƙarfen ya faɗo hannunsa mai lafiya.

Saura mai riƙe yara. Ni a lissafina Shafi'u ne zai shiga, don Safara'u ta ce uwa a gaɓa take tsayawa. Amma Hanif ya ƙanƙame wuyana yana tsala ihu, ya ƙi kowa. Kujeru biyu ne rak, kafaɗa da kafaɗa. Ni da ko abinci ba na ci a gaban Baba, yaya zan zauna jikinsa? Ga tsoron ruwa da ka san ina da shi, wanda kake yi mini dariya a kai. Na tsaya ina neman Inna da ido, sai Baba ya ce in shigo. Na shiga, Hanif a cinya, Rumaisa a tsakaninmu.

Ta gefena ma akwai feda. Ya dube ta ya dube ni, na gane, na naɗe ƙafafuna. Ya yi bisimilla ya taka. Ƙafar hagu ta tura, ta dama ta biyo da ƙyar, jirgin ya yi kamar ba zai motsa ba, sannan ya rabu da gaɓa. A hankali muka tafi, yara ƙanana suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. Gumi ya jiƙe masa hula. Muna gab da tsakiya ƙafar dama ta zame daga fedar, jirgin ya tsaya. Ya yi ya yi ya mayar da ita ta ƙi hawa. A daidai nan mai usur ya busa, wai lokacinmu ya ƙare, ga layi yana jira.

Abdulƙadir, fedata tana nan ƙarƙashin ƙafata. Taku biyu kawai zan yi mu isa, kuma ba wanda zai gani daga gaɓa. Ina jin numfashinsa, tausayi ya cika ni, har ƙafata ta sauka da kanta. Sai na tuna maganar buhun albasa. Na janye ta na zauna a kanta. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na hango Inna ta tsaya gaban mai usur tana yi masa bayani da hannu biyu, ban san me ta ce masa ba, amma bai sake busawa ba. Baba ya saki ƙarfen, ya sa hannun hagu ya ɗaga gwiwarsa ya ɗora ƙafar a kan feda, ya sake takawa. Da kansa ya kai mu tsakiya.

Nan na tuna gorar ruwan gulbi tana cikin jakata, jakar kuma tana hannun Inna. Kamar in yi kuka. Na faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ba komai, ruwan da ya ɗauki jirgi shi ake shafawa, haka ya gada. Sai ya dubi hannunsa na dama da yake kwance a cinyarsa. Ya ɗaga na hagu, ya mayar. Ka san ba zai taɓa sa wa jikokinsa albarka da hagu ba.

Ya ce, "Ɗiyata, ara min hannunki na dama. Ni in yi addu'a, ke ki ɗebo."

Na ɗebo. Na shafa wa Rumaisa a goshi da ƙafa yana karantawa. Ita kuwa ta ga wasa, ta zura hannu ta yi ta watsa mana ruwa tana tsalle, ya ce wannan Ƙawara ce, ba ta zama wuri ɗaya. Na shafa wa Hanif. Yaron da yake ihu a gaɓa sai ga shi yana zillo zai faɗa ruwan, na kama riga ya sulluɓe, na kama ƙafa. Baba ya yi dariya har haƙoransa suka fito, ya ce Tarwaɗa, ba ya riƙuwa. Yaranka sun samu suna, Kurungu. Ina rubuta wannan hawaye yana zubo mini, kuma na daɗi ne.

Na ɗauka an gama, sai ya ce in ƙara ɗebowa in shafa a goshina. Na ce Baba ai ni ba 'yar gida ba ce. Ya ce duk wanda babban gida ya tuƙa zuwa tsakiyar ruwa ba ya komawa gaɓa ba suna. Ya sake karanta addu'ar, ya ce Gaiwa. Raina ya ɗan sosu, don duk kifayen gulbi a rasa wanda za a ba ni sai mai kama da maciji. Ya ga fuskata, ya ce ita gaiwa in ruwa ya janye ba ta binsa, ba ta kuma mutuwa. Tana shiga laka ta zauna, ƙasa ta bushe a kanta, ta yi ta haƙuri har ruwa ya dawo ya same ta a inda ya bar ta. Ya ce yana zaune a ƙofar gida yana ganina tun ranar da ka tafi. 

Bayan mun fito yara suka hau duk abin da ransu yake so. Rumaisa ta hau doki har sau nawa ban sani ba, Hanif ya yi barci a jirgin ƙasan yara. Baba ya zauna a benci, sai da mai jiragen ya zo da kansa ya tuna masa ya cire rigar kariya. A hanyar dawowa ya sa Shafi'u ya tsaya a Achida, ya sauka da sandarsa ya taya kifi, ya raina shi, ya saya.

Addu'ar na ji ta sau uku, na kuma haddace, amma kada ka sa rai zan rubuta maka. Baba ya ce in gaya maka ɗan Safara'u yana hanya, shi kuma ƙafarsa ba kullum za ta yarda ba, ka zo ka karɓa daga bakinsa tun yana iya faɗa. Ka nemi hutu, Abdulƙadir. Ba don ni na ce ba, ko da yake har da ni.

Yara suna gaishe ka, Ƙawara ta ce ka taho mata da jirgi mai feda. Allah ya tsare mini kai, ya dawo da kai lafiya.

Taka, tana nan inda ka bar ta,
Gaiwa